Ƙofar Kafinta

Da ta ga gutsattsarin ƙwayoyi a gwangwanin ƙusa, sai ta gane abin da ake ciki. Ashe mijinta kafinta rabi-rabi yake shan maganinsa, alhali likita ya ce kada ya kuskura. Ciwonsa na ƙwaƙwalwa ne, mai hawa da sauka: yau ya taɓo sama, gobe ya faɗa rami.

Ta kutsa shagonsa da faɗa a bakinta, sai faɗan ya maƙale. Wata ƙofa ce jingine da bango, an sassaƙa mata tsuntsaye da rassa, kai ka ce iska na kaɗa ganyen. Hannun da magani ya daɗe yana sa shi rawa, shi ya yi wannan.

"Subhanallahi!" Ta shafa fiffiken wani tsuntsu. "Baban yara, ta waye?"

"Ta ɗakina ce." Idanunsa na ƙyalli, maganarsa na gudu. "So na yi in sake ganin aikin hannuna, ko sau ɗaya. Abin ya fara tasowa. Kira mini likita."

Sai a lokacin ta lura da sakatar. Ta waje ya kafa ta, daidai inda hannunta zai kai.