Hular Ƙurajena

Ni na riga kowa a garin nan ganin ƙurjin magani a madubin likita, kuma a fatata aka gan shi. Shekarar da ƙwayar ciwon gwiwa ta kusa kai ni kushewa, aka yanki ɗan fatar aka nuna mini: jajayen ɗigo sun yi cincirindo a gefen jijiya kamar tumaki a bakin rijiya. Ban yi boko ba, amma nan take na ce, "Wannan ai zanen hula ne!" Ga shi yanzu ya zama doka. Duk wanda magani ya taɓa ƙin jininsa sai ya sa hula mai zanen ƙurjinsa, na'urar kemis ta duba kafin ta ba shi ƙwaya.

Jiya gwiwar ta motsa, na je kemis. Na'ura ta kalli kaina ta ce, "Sannu, Malam Gambo," ta turo ƙwayar nan da ta so kashe ni. Ashe wajen alwala muka yi musayar hula da maƙwabcina Gambo.

Na ce da Talatu mai kantin, "'Yata, ni ne fa, Tanimu."

Ta ce, "Na sani, Baba, amma ita na'urar, hula ta sani, ba mutum ba."

Na bar musu ƙwayarsu, na iske Gambo a majalisa na tuɓe abata daga kansa. Ya ce, "Ashe shi ya sa tun azahar nake susa!"

Mai musu ya ari hulata ya je kemis. In na'urar ba ta kira shi Tanimu ba, ya aske mini gemu a tsakiyar kasuwa.