Kabarin Ladingo

Tun da aka kawo sabuwar na'urar hoton ƙwaƙwalwa, likita ba ya ƙona ciwo sai ya gaya wa mutum abin da zai manta. Malam Barau mai gasa burodi ya ji nasa da safe. Ciwon dajin huhunsa ya hau har ƙwaƙwalwa.

"Gobe za mu ƙona shi," in ji likita. "Za ka tuna matarka, amma ba za ka tuna inda aka binne ta ba."

Kabarin Ladingo ba shi da alama. Sauran mazan da suka kai ta duk sun rasu, 'yarsa Uwani kuwa mace ce, ba ta taɓa shiga maƙabarta ba.

Da la'asar ya je maƙabartar da Uwani, yana tari. Ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo, Uwani. Duk mai magana ya yi ta maganarsa."

Ya nuna mata wani tudu a gindin aduwa. Ta durƙusa ta yi addu'a.

"In an sallame ni, ki kawo ni," ya ce. "Ko na rantse ba nan ba ne, kada ki yarda."