Igiyar Karen Nomau

A kurmin bakin Gulbin Maraɗi, inda Faransawa suka hana saran itace, Saudatu ta tare Nomau yana jan karensa. Ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Baba ya ce ɗiyar liman ba ta shiga gidan mai kare. Ka kore shi, sannan ka aiko magabatanka."

Nomau ya shafa kan karen. "Shi ya raba ni da kura a hanyar Tsibiri. In na yar da shi yau, gobe wa zan yar?"

Ta ɗago ido ta dube shi. Ta miƙa hannu ta karɓi igiyar karen.

"Taho. Ta ƙofar gidanmu za mu bi."