Tsohon da ke Ƙasan Bene

A bugu na bakwai da na ji daga ƙasa, na jingine selo da bango, na ce wa ɗalibata ta jira ni, na sauka ƙasa ina huci.

Shekara talatin ina rungume da wannan ƙaton goge a manyan zaurukan birnin Valparaiso, in ina kiɗa ko tari ba a yi. Amma tun da na koma koyarwa a benen katakon nan, da na kai ƙarshen kiɗa sai tsohon da ke ƙasa ya hau dukan silin da sanda. Ɗalibai biyu sun gudu. Kwana tara da suka wuce na sayi tabarmar roba na shimfiɗa ƙarƙashin tsinken ƙarfen da selo ke tsayawa a kai, don kada sauti ya bi katako ya sauka. Sai ma dukan ya ƙaru!

Na banka ƙofarsa. "Haba Baba! So kake in koma sayar da kifi?"

Bai juyo ba. Yana zaune, ya manna goshinsa da ginshiƙin katakon da ya tokare ɗakina. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya zabura.

"Ke ce, Malama?" ya ce da ƙarfi, irin na wanda injin jirgin ruwa ya cinye wa kunne. "Me kika yi wa itacen nan? Da, kina gamawa nake tafa miki da sanda. Yau kwana tara bai ce mini komai ba."

Na hau sama na wurga tabarmar ta taga.