Ƙarfen Ƙafar Baba

Ina ƙarama muka kalli wani fim a gidan maƙwabtanmu a Ƙaura Namoda. Akwai mutum-mutumi a ciki mai kama da mutane sak, sai da fatarsa ta yage aka ga ashe ƙarfe ne.

Ba a daɗe ba Baba ya yi haɗarin mota a hanyar Shinkafi. Da aka sallamo shi, na ji Inna tana gaya wa masu dubiya an sa masa ƙarfe a ƙafa. Na daina shiga ɗakinsa.

Wata rana bayan la'asar ya kama ni ina leƙensa.

"Taho nan, ɗiyata. Mi na yi miki?"

Na fashe da kuka, na ce ya zama mutum-mutumi. Sai ya miƙo lafiyayyar ƙafar.

"To, gwada mu gani. Ƙarfe na jin cakulkuli?"

Na sosa tafin ƙafarsa. Ya ƙyalƙyale da dariya har yana roƙona in bari. Na faɗa jikinsa, warin man zafi ya cika mini hanci. Har yau in na ji warin nan, sai hankalina ya kwanta.