An soke tafiyar Gamu

An soke tafiyar Barmo zuwa Gamu, kuma shi ya jawo wa kansa. Ranar Litinin, a Gure, shugaban ƙungiyarsu ya sanar da shi.

Shekara biyu yana zaga ƙauyuka duk wata yana gyara manhajar rigakafi, don kowace kwamfuta da halinta. A gidan likitan Gamu yakan daɗe. Shafa'atu ce mai shigar da bayanai a can, kuma bai gama faɗa mata abin da ke ransa ba.

Sai wani mai ɓoye suna a zauren masu rubuta manhaja na intanet ya dage da koya masa WebAssembly: a haɗa manhaja sau ɗaya, ta yi aiki a kowace na'ura, a sabunta ta daga nesa. Wata uku mutumin bai gaji ba, har Barmo ya mayar da manhajar kan wannan tsari.

"Ka huta da rairayi, Malam Barmo," in ji shugaban. "Malamin nan naka ya ci tukuici."

Barmo ya tambayi mai ɓoye sunan inda zai aika masa dabino. Amsa ta zo: Gamu.

Mutum biyu ke da kwamfutar kansu a garin: malamin lakwal, wato makaranta, mai zuwa zance wurin Shafa'atu, da ita Shafa'atun. Har yau Barmo bai tambayi ko wane ne cikinsu ba.