Abin da Za Ta Faɗa wa Fada

Tana cikin goge mayafin bagadi a ɗakin bayan coci, sai ga mijinta ya shigo. Tun da ya kwashe kayansa ya koma wurin wata, sai yau suka haɗa ido.

Ya daɗe yana murza hularsa.

"Maman yara, na kai maganarmu kotun coci. So nake a soke aurenmu, in samu a ɗaura mana da ita. Fadan cocinmu zai kira ki. Ki ce masa ƙuruciya ce ta ɗebe mu, ba mu san abin da muke yi ba."

Ta ajiye dutsen guga, ta dubi yatsansa. Babu zobe, sai shatinsa.

"Ƙuruciya?"

"Ki taimake ni. Tun da na koma wurinta aka hana ni karɓar Jibin Ubangiji a coci, har na manta rabona da shi."

Ta yi masa murmushin nan da ya sa ya nemi aurenta.

"Zan je. Zan rantse cewa da hankalinka ka ɗauki alkawari, har da hawayen murna. Zan ce ka so ni kamar ranka."

"Haba, don Allah..."

Ta ci gaba da guga.

"Kai ka ce sai mutuwa ta raba mu. To, ga ni nan, lafiyata ƙalau."